Mai Cewa "Babu Allah", Ina Hujjarsa?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum, Ya ba shi ji da gani da hankali, sa'an nan Ya ɗora masa nauyin yin aiki da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, batun da za mu taɓo a wannan wata batu ne mai nauyi a harshe, wanda da yawa daga cikin masu karatunmu za su fi so a ja baki a yi shiru a kansa. To amma ciwon da aka rufe da tsumma ba ya warkewa, ruɓa yake yi. Tambayoyin da a da sai a farfajiyar jami'a ake jin su, yanzu sun iso Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, sun iso har Sakajiki da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a cikin aljihun yaranmu, ta wayar hannu. Yaro yana zaune a zauren mahaifinsa, allonsa na jingine a bango, wani mulhidi daga Landan ko Alƙahira yana zuba masa shubuha a kunne, uban kuwa yana tsammanin ɗansa ƙwallo yake kallo.

Wannan iska ba yau ta fara kaɗawa a ƙasar nan ba. Waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970 da 1980 sun san yadda aƙidar gurguzu ta yi tashe a wasu sassan jami'ar, har ɗalibi ya koma gida hutu yana kallon addinin iyayensa a matsayin abin sa maye da masu mulki ke ɗirka wa talaka. Waccan guguwa ta lafa bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991. Ta yanzu kuwa ba ta buƙatar lacca ko ɗakin karatu. Sunan da ya fi fitowa fili a wannan fage a ƙasar Hausa shi ne na Mubarak Bala, ɗan Kano, wanda ya yi karatun injiniya. A 2014 ya bayyana cewa ya bar addini, danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na wani asibiti a Kano, ya yi kwana 18 a can. Ranar 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a Kaduna, bayan ƙorafin da wasu lauyoyi suka shigar kan rubuce-rubucen da ya yi a Facebook. Ranar 5 ga Afrilu 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 24 bayan ya amsa tuhumar da ake yi masa, a watan Mayu 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5, ya fito, daga baya kuma ya bar ƙasar.

Ba mu kawo wannan domin mu sake zaman shari'ar ba. Ɓatanci ga Manzon Allah (S.A.W.) abu ne da babu Musulmin da zai lamunta, kuma matsayinmu a kansa sananne ne. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne wannan: da gadon asibiti da ɗakin kurkuku, babu ɗaya da ya amsa tambayar da mutumin ya jefa cikin zukatan samari. Ya shiga yana musu, ya fito yana musu, ya kuma ƙara suna a ƙasashen Turai. Shubuhar kuwa tana nan tana yawo a wayoyin yaranmu. Aƙida hujja ce ke kashe ta, kuma alhamdu lillahi hujja ita ce dukiyar da Musulunci ya fi kowa.

To bari mu tunkari maganar kai-tsaye. Shin ɗan Adam yana iya kafa hujja yankakkiya a kan cewa babu Mahalicci, wal'iyazu billahi?

Wasu 'yan'uwa masu kishi sukan gaggauta amsawa da cewa ai rashin abu ba a taɓa iya tabbatar da shi. Wannan magana akwai gyara a cikinta, kuma gara mu gyara ta a cikin gida kafin abokin jayayya ya gyara mana ita a bainar jama'a. Ana iya tabbatar da rashin abu ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a kewaye wurin da ake zaton abin yana ciki, a bincike shi kaf. Idan mutum ya ce akwai giwa a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, sai mu shiga ta wannan ƙofa mu fita ta waccan, mu duba kara da rumfuna, mu dawo mu ce masa ƙarya kake yi, domin kasuwa tana da iyaka, giwa kuma ba ta ɓuya a bayan buhun albasa. Ta biyu ita ce a nuna cewa ma'anar abin tana karo da kanta, kamar a ce ɗa ya girmi uban da ya haife shi, ko a ce rabin abu ya fi dukkaninsa yawa. Wannan ko ba ka tashi daga tabarmarka ba ka san babu shi, shi ne abin da malamanmu na tauhidi ke kira mustahili a hankalce. Duk wanda ke son ya tabbatar da cewa babu Allah, tilas ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, domin babu ta uku.

Hanyar farko a rufe take tun daga bakinta. Wane wuri za a kewaye? Allah Shi ne Ya halicci sammai da ƙassai da abin da ke tsakaninsu, Shi ba ɗaya ne daga cikin kayan da ke cikin halittarSa ba, balle a ɗaga wannan a sauke wancan a ce ba a same Shi ba. Mai neman magini a cikin tubalan gini, ko ya rushe gidan duka ba zai tarar da shi a can ba. Fir'auna ne farkon wanda Alƙur'ani ya ba mu labarinsa da wannan wauta, a cikin Suratul Ƙasas da Suratu Gafir, inda ya umarci Hamana ya gina masa doguwar hasumiya wai ya hau ya leƙa Ubangijin Musa. Bayan dubban shekaru sai ga 'yan gurguzun Rasha sun maimaita ta: da Yuri Gagarin ya kewaya duniya a cikin kumbo a watan Afrilu 1961, masu farfagandar gwamnatinsu suka dinga yayata cewa an je sama an duba ba a ga kowa ba. Tafiyar nan fa duka-duka ba ta kai sa'a biyu ba, nisanta daga doron ƙasa kuwa 'yan ɗaruruwan kilomita ne.

Za a ce mana ai kimiyyar yau ta wuce ta zamanin Gagarin. Gaskiya ne, kuma mu ba abokan gabar kimiyya ba ne. Muna so 'ya'yanmu da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura su fi kowa ƙwarewa a cikinta. Amma kowane ilimi yana da fagensa. Kimiyya aikinta awo ne: tsawo, nauyi, zafi, gudu, da yadda wani abu ke haifar da wani a cikin wannan duniya ta zahiri. Mutanen wannan yanki sun fi kowa cancantar gane misalin da za mu buga. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ya tsaya. Da wani baƙo zai sauka daga jirgi a tashar Ƙaura ya ce, "Tunda dogo ya ƙare a nan, to ƙasa ma ta ƙare, babu Shinkafi, babu Isa, babu Sabon Birni," me za mu kira shi? Abin hawansa ne ya kai iyakarsa. Haka ma'aunin masanin kimiyya: inda ya tsaya, nan ne iyakar ma'auni, amma bai da ikon yanke hukunci a kan abin da ke gaba da nan. Mai cewa "ba na yarda da komai sai abin da aka auna a ɗakin gwaji", sai mu tambaye shi: ita wannan ƙa'ida taka, a wane ɗakin gwaji aka auna ta?

Abin mamaki, a shekarar 1929 ɗin nan dai ce wani masanin taurari a Amurka, Edwin Hubble, ya bayyana cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nesanta daga gare mu, wato sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Daga nan, da binciken da ya biyo baya a 1965, masana suka karkata ga cewa wannan duniya da muke gani tana da mafari, suna ƙiyasta shekarunta da kimanin biliyan 13.8. Alhali tsohuwar da'awar Dahriyyawa, waɗanda Suratul Jasiya ta ambaci maganarsu, ita ce zamani ne kawai ke juyawa, babu farko babu mai farawa. Sai dai muna jan kunnen masu wa'azinmu: kada a rataye imani a jikin nazariyyar da masu ita ma suke ta yi mata kwaskwarima. Mun kawo ta ne kawai domin a ga cewa ɗakin gwajin da ake yi mana barazana da shi bai ba mulhidi shaidar da yake nema ba.

Saura hanya ta biyu, wato a nuna cewa siffofin Allah suna karo da juna. A nan ne ake kawo 'yan tambayoyin nan na wasa da hankali. Wai Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗagawa ba? Wannan jimla ce da aka haɗa da kalmomi masu ma'ana amma ita kanta ba ta nufin komai, domin abin da take tambaya shi ne ko Mai cikakken iko zai iya zama marar iko. Malaman tauhidi sun daɗe da bayyana cewa ikon Allah yana rataya ne da abin da samuwarsa ke yiwuwa, mustahili kuwa ba abu ba ne balle a ce an gaza yin sa. Ɗaya tambayar ita ce wa ya halicci Allah. Manzon Allah (S.A.W.) ya riga ya faɗakar da mu, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa Shaiɗan zai bi da mutum mataki-mataki har ya kai shi ga wannan tambaya. Amsarta a hankalce ita ce abin da ke da farko shi ke buƙatar mai farar da shi. Idan kowane mai bayarwa sai ya ranto daga wani, shi ma wancan daga wani, har ba iyaka, to ko kwabo ba zai taɓa isowa hannun kowa ba. Tunda ga kuɗin a hannu, lallai akwai mai dukiyar da bai ranta wurin kowa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ke faɗin haka. Manyan mulhidan Turai da kansu, waɗanda samarinmu ke haddace maganganunsu, ba su yi da'awar abin da almajiransu na Facebook ke yi ba. Bertrand Russell, masanin falsafa na Ingila, a muhawarar da ya yi da wani limamin Kirista a gidan rediyon BBC a 1948, da aka tambaye shi ko yana ganin ana iya tabbatar da rashin Ubangiji, ya ce a'a, matsayinsa shi ne na wanda bai sani ba. Richard Dawkins, wanda littafinsa na 2006 ya zama kamar ishiriniyar mulhidan wannan zamani, ya tsara ma'auni mai hawa 7, na bakwai shi ne wanda ya sakankance babu Allah, sai ya ajiye kansa a hawa na 6. A wata muhawara a Oxford a 2012 ya ce 6.9, bai dai yarda ya cika bakwai ba. A watan Janairu 2009 mulhidan Ingila suka tara kuɗi suka liƙa tallar aƙidarsu a jikin motocin safa na Landan, amma ko a can sai da suka saƙa kalmar "mai yiwuwa" a cikin jimlar. Antony Flew kuwa, wanda ya shafe kimanin rabin ƙarni yana kare mulhidanci a jami'o'in Ingila, a 2004 ya bayyana cewa dalilai sun rinjaye shi, ya yarda akwai Mahalicci. Bai musulunta ba, bai ma karɓi wahayi ba har ya mutu a 2010, kuma ba za mu ƙara masa abin da bai faɗa ba. To idan shugabannin tafiya suna cewa "wataƙila", daga ina yaronmu na Gusau ko Kano ya samo "tabbas"?

Sai dai adalci ya wajaba ko a kan abokin gaba. Kasawarsu ga tabbatar da rashi, ita kaɗai ba ta zama hujjar samuwa ba. Russell ɗin nan ya buga misali a 1952 da butar shayi: ya ce da wani zai yi da'awar akwai 'yar buta tana kewaya rana tsakanin duniyarmu da duniyar Mirrihu, ƙanƙantarta ta hana madubin hangen nesa ganinta, babu mai iya ƙaryata shi, amma wannan ba zai sa a gaskata shi ba. Mun yarda, domin a shari'armu ma mai da'awa shi ake nema ya kawo shaida. Inda misalin ya karye shi ne, butar nan idan an cire ta babu abin da zai rage ba bayani. Babu wanda ya taɓa kallon duniya ya ce wannan sai da buta. Amma samuwar sammai da ƙasa, da tsarin da ke tafiyar da su, da rai, da hankalin da mulhidin ke jayayya da shi, duk tambayoyi ne da ke tsaye suna jiran amsa ko an so ko an ƙi. Suratuɗ Ɗur ta tsare mai musu a tsakanin zaɓi uku: ko ya samu haka nan ba mai samarwa, ko shi ya samar da kansa, ko kuwa yana da Mahalicci. Jubairu ɗan Muɗ'im (R.A.) ya ji Manzon Allah yana karanta waɗannan ayoyi a sallar Magariba tun yana mushiriki, ya ba da labarin cewa zuciyarsa ta kusa tashi sama. Ana kuma ba da labarin Imamu Abu Hanifa da wasu Dahriyyawa, inda ya tambaye su ko za su gaskata jirgin ruwa da ke loda kansa, ya tuƙa kansa, ya sauke kaya ya koma ba matuƙi. Mu a nan ko kwalekwale aka ce ya ƙetare gulbin Gagare da damina shi kaɗai ya dawo da fasinja, yara ma dariya za su yi.

Yanzu bari mu zo inda gizo ke saƙar. Mu da ke zaune a arewacin Zamfara mun san cewa saurayin da zuciyarsa ta fara rawa a nan, galibi ba littafin Dawkins ne ya girgiza shi ba. Gawa ce ya ɗauka. Shi ne ya ga an kashe mutum fiye da 50 a Kadawa da ƙauyukan da ke kusa da ita a ƙasar Zurmi a watan Yuni 2021. Shi ne ya ji labarin mutanen Banga ta ƙasar Ƙaura, waɗanda a watan Yuli 2025 aka kashe fiye da 30 daga cikinsu a hannun 'yan bindiga bayan an biya kuɗin fansa. Shi ne mahaifinsa ya sayar da shanun huɗa ya biya harajin da ɓarayin daji suka ɗora kafin a bar shi ya girbe gonarsa. An yi alƙunutu, an yi saukar Alƙur'ani, an yi azumi, washegari aka sake shigowa. Sai Shaiɗan ya raɗa masa: in da akwai Mai rahama Mai iko, da haka ta faru? Wannan ita ce shubuha mafi ƙarfi a hannun mulhidai tun zamanin Yunanawa, kuma wanda ya amsa ta da tsawa ya nuna bai san zafin da ke bayanta ba.

Ta fuskar hankali zalla, ita ma ba ta kai hujja yankakkiya ba. Kafin ta kai, sai an tabbatar da cewa ba zai taɓa yiwuwa Mai hikima Ya bar wani sharri ya auku saboda wata hikima ba, wannan kuwa sai wanda ya kewaye farkon al'amura da ƙarshensu da sani. Wani masanin falsafa, J. L. Mackie, ya yi ƙoƙarin kafa ta a matsayin karo na hankali a 1955. Bayan raddin da aka yi masa ta fuskar zaɓin da aka bai wa ɗan Adam, sai ga shi a littafinsa da ya fito a 1982 ya sassauta, ya amince cewa samuwar sharri ba ta nuna aƙidar masu imani tana karo da kanta, ko da yake bai bar mulhidancinsa ba. Mu kuwa Alƙur'ani bai ɓoye mana wannan tambaya ba. Farkon waɗanda suka yi tambaya a kan zubar da jini a bayan ƙasa mala'iku ne, tun kafin a halicci Adamu, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Baƙara, kuma ba a kore su daga rahama don sun tambaya ba. An nuna musu iyakar saninsu ne. Annabi Musa (A.S.), da girman matsayinsa, sau uku yana kasa haƙuri a tafiyarsa da Halliru a Suratul Kahfi, domin yana ganin zahirin aiki, hikimarsa kuwa tana ɓoye. Ba a taɓa yi mana alkawarin cewa duniya gidan sakamako ce ba. An gaya mana gidan jarrabawa ce, an bai wa mutum zaɓi, kuma zaɓin da ba a iya saɓo da shi ba zaɓi ba ne.

Sa'an nan mu tambayi mai wannan shubuha, cikin tausasawa: da ka cire Allah daga lissafi, me ka ƙara wa matar da aka kashe mijinta a gona? Ɗan bindigar yana nan, bindigarsa tana nan, abin da ka cire kawai shi ne ranar da za a tsayar da shi a yi masa hisabi. Wanda ya kashe ɗari ya mutu a kan katifarsa ya ci bulus ke nan har abada. Kuma kalmar "zalunci" da kake ta nanatawa, a wane ma'auni ka auna ta? Idan mutum tarin ƙwayoyin halitta ne da suka haɗu bisa katari, to abin da ya faru a Banga bai bambanta da kura ta faɗa garken awaki ba. Amma zuciyarka ta ƙi yarda da haka, tana kururuwar cewa an yi laifi kuma wajibi ne a biya. Wannan kururuwa ita ce fiɗirar da Shaihul Islami Ibnu Taimiyya ya yi dogon bayani a kanta, cewa sanin Mahalicci dasasshe ne a cikin halittar mutum tun kafin ya koyi jera dalilai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wajibi ne a faɗi waɗanda suka tsaga bangon. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi shelar shari'a a Gusau, ranar 27 ga Oktoba 1999, yanzu magidanci ne. Ya tashi yana jin cewa a watan Maris 2000 an yanke hannun wani talaka saboda saniya, sa'an nan ya ga an kore garkunan shanu dubbai, ya ga masu satar dukiyar jama'a da alƙalami suna sahun gaba a masallaci. Ya ji yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010 saboda haƙar zinariya ba kulawa. A 2017, lokacin da sanƙarau ke kashe mutane ga ƙarancin allurar rigakafi, ya ji gwamnan jihar na wancan lokaci yana danganta annobar da zunuban jama'a. Ba mu musun cewa saɓo yana jawo musiba. Amma shugaban da aka damƙa wa amanar asibiti da magani, idan ya fake da ƙaddara, to ya koya wa yaro cewa addini mayafi ne na masu gazawa. Sayyidina Umar (R.A.) da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa ɗaukar matakin tsira shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Abin da yaron nan ya gani hujja ce a kan masu amfani da sunan Allah su ci amanar bayinSa, sai Shaiɗan ya karkatar masa da ita ta koma kan Ubangijin da Ya haramta zaluncin.

To yaya za a yi da mai tambaya? Wajibi ne a rarrabe tsakanin mai zagi da mai neman sani, da kuma wanda waswasi ke damunsa yana ƙin abin a ransa. Sahabbai sun zo wa Manzon Allah (S.A.W.) suna kukan cewa suna jin wani abu a zukatansu da suke ganin girman furta shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, bai kore su ba, sai ma ya yi musu bushara cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Annabi Ibrahim (A.S.) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu domin zuciyarsa ta ƙara natsuwa, aka nuna masa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka kafin Allah Ya yaye masa, daga baya ya zama wanda ya rushe ginin 'yan falsafa. Da a ce a wata unguwa tamu ya furta abin da ke ransa a waɗancan watanni, wa ya san abin da zai same shi? Ba mu manta da Talatar Mafara ba, inda a watan Agusta 2016 zargin ɓatanci a kan ɗalibi guda ya kai ga cinna wa gida wuta, mutum 8 suka mutu. Babu malamin Sunna da zai halatta wannan. Hukunci na alƙali ne, bayan bincike da shaida, ba na taron 'yan tasha ba. Kuma kowane irin wannan aiki kyauta ce ake miƙa wa mulhidai, su ɗauka su nuna wa duniya su ce ga addinin nan.

A wannan ƙasa ta Zamfara Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi, tun kafin a zare takobi, tun kafin Namoda ya riƙi tuta, tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808. Da tauhidi ya fara, da harshen da jama'a ke ji. Ya kuma yi fama da wasu ɗalibai masu tsanani da ke kafirta talakawa don ba su iya jera dalilan ilmul kalami ba, ya rubuta littattafai masu yawa yana yi musu raddi. Wato bai yarda a bar mutane cikin jahilci ba, bai kuma yarda a mai da tauhidi sandar dukan bayin Allah ba. Makarantun Islamiyyarmu da yawa suna koya wa yaro rabe-raben tauhidi da nau'o'in shirka, abu ne mai kyau, amma an gina darasin a kan cewa yaron ba zai taɓa haɗuwa da mai musun asalin samuwar Mahalicci ba. Yanzu kuwa yana haɗuwa da shi kowane dare.

Saboda haka muna kira ga shugabannin rassanmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da malaman da ke karantarwa tsakanin Magariba da Lisha, su ware zama guda a kowane wata domin irin waɗannan tambayoyi, musamman ga ɗaliban sakandare da na kwaleji. A ajiye akwati a ƙofar makaranta, mai tambaya ya rubuta a takarda ya jefa ba tare da sa suna ba, kada kuma a bi diddigin rubutun hannun kowa. Malamin da zai amsa ya zama ya karanta shubuhar daga bakin masu ita, ba daga jita-jita ba. Tambayar da ta gagari reshe a aiko da ita ga wannan mujalla, za mu miƙa ta ga malamai, mu buga amsar a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.